Malam-buɗe-littafi da dokar da ta manta da hukuma

A gefen babban birnin Los Anjales na jihar Kalifoniya, cikin ƙasar Amurka, akwai wani tsauni da ya kutsa cikin teku, ana ce da shi Palos Verdes. A nan kaɗai duk duniya ake samun wani irin malam-buɗe-littafi mai shuɗin fukafuki, wanda faɗinsa bai wuce santimita 3 ba. Sau ɗaya yake fitowa a shekara, ya yi ƴan kwanaki ya mutu, tsutsarsa kuwa ba ta cin komi sai wasu tsirrai iri biyu dangin wake. Duk inda aka share waɗannan tsirrai, an share shi ke nan.

A shekarar 1980 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, waɗanda doka ta hana a taɓa. Amma ba a jima ba sai hukumar garin Rancho Palos Verdes ta sa motocin rusau cikin wani fili inda yake hayayyafa, don a gina filin wasan ƙwallo. Daga 1983 aka daina ganinsa.

A 1987 aka gurfanar da hukumar garin gaban shari'a, alƙali ya kori ƙarar. Hujjarsa ita ce, dokar ta tanadi hukunci ga “mutum”, kuma a yadda aka rubuta ta hukumar gari ba ta shiga cikin wannan kalma ba. Wato da ɗan kasuwa ne ko manomi ya yi wannan ɓarna, da ya amsa tuhuma; da yake hukuma ce, sai ta karkaɗe riga ta koma ofis. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Abin a yaba shi ne, majalisar dokokin ƙasar ba ta naɗe hannu ba. A 1988 ta gyara dokar, ta sa hukumomin garuruwa cikin waɗanda za a iya hukuntawa.

Cikin ikon Allah, a watan Maris na 1994 wani masanin ƙwari mai suna Rudi Mattoni da abokan aikinsa suka sake gano halittar a unguwar San Pedro, cikin harabar wata ma'ajiyar man fetur ta soja. Ba doka ta tsare ta a can ba, shingen waya ne da ya hana masu gini shiga. Daga baya aka shiga kiwonta a kwalejin Moorpark, ana sakinta inda aka sake shuka abincinta.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mai neman kuɗin cefane da ƙwaron da ke bayan teku? Ruwansa shi ne, filin da ba a gina ba cikin birni kullum akwai mai kwaɗayinsa, kuma sau da yawa tambarin da ke halatta cinye shi yana hannun wanda aka ɗora wa amanarsa. Mutanen Yamai sun san haka, tun da sun ga yadda rabon filaye ya yi ta gutsurar gandun itatuwan da aka fara shukawa kewaye da birnin a 1965 don tare iska da ƙura.

Saboda haka duk dokar da za a rubuta don kare fili, ko daji, ko dabba, wajibi ne ta ambaci magajin gari da ma'aikatar da ke sa hannu, ƙarara, tare da hukuncin da ke kansu. Ƴan majalisa su duba wannan tun takarda na gabansu, ma'aikatan da ake miƙa wa takardun rabon fili su tuna cewa sa hannu amana ce. Malam-buɗe-littafin Palos Verdes ya yi sa'ar samun shinge. Ba kowace dukiyar jama'a ke samun irin wannan sa'a ba.