Kiriyatin Ba Ƙwaya Ba Ce, Ku Daina Rubuta Jita-jita



Makon jiya na karanta wani gajeren labari a zauren nan, inda matashi ya sha kiriyatin ya haukace har ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. Aka yi ta yabo. Ni kam raina ya ɓaci, don na ga abin da irin wannan ƙaryar ke haifarwa.

Ƙanena yana ɗaga ƙarfe a nan Shagari, ƙarfen ma gwangwanaye ne da aka cika da siminti. Ranar da Baba ya ga farin gari a jakarsa, sai ya ɗauka hodar iblis ce. Yaron ya sha mari, ya kwana biyu a gidan kawunmu. Daga ina Baba ya samo tsoron? Daga irin rubutunmu da ake karanta masa a waya.

Wani masani Bafaranshe, Chevreul, ya gano kiriyatin a cikin nama tun 1832. Hantarka da ƙodarka suna haɗa kusan giram 1 kullum, sauran kana samu a tsire da kifi. Tana taruwa a tsoka, ta taimaka wajen aikin ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, irin ɗaga abokin kokawa ko gudun mita 100. Ba ta bugarwa, ba ta sa maye. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ba ta hana ta ba. Taramol kuwa, wanda samarinmu ke haɗiya kafin noma da dambe, ta hana shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Shi ya kamata a ɗora wa haukan cikin labarin.

Kada kuma masu talla su ce na goyi bayansu. Wanda ke sayar da gari a leda babu suna babu lambar NAFDAC, yana cewa cikin sati biyu za ka zama Shago, macuci ne. Giram 3 zuwa 5 a rana ya isa, kuma nauyin da ke ƙaruwa a farko yawanci ruwa ne a tsoka. Mai ciwon ƙoda ya ga likita tukuna. Yaron da bai ƙoshi da tuwo ba, kuɗin ya fi amfani a ƙwai da wake.

Marubucin labarin ya ce min ai ƙirƙira ce. To, ƙirƙiri sunan jarumi, ƙirƙiri gari, amma abin da ke shiga cikin mutane ka bincika kafin ka rubuta. Baba har yau in ya ga gwangwanayen nan a tsakar gida sai ya kawar da kai.