Kafin ka sayi jirgin ruwa ka sa a Airbnb, tsaya ka ji

1/ Yau sau uku ana turo min bidiyon nan na wani ɗan gayu da ke cewa ka sayi tsohon jirgin ruwa a Ingila, ka ɗaure shi a marina, ka sa a Airbnb, kana barci kuɗi na shigowa. Ni na yi wata bakwai ina share irin wannan jirgin. Ku ba ni minti biyar, yau sai na faɗa.

2/ Ɗalibi ne ni, aji biyu. Bizarmu ta yarda mu yi aikin awa 20 a sati lokacin karatu, to da shi nake cika kuɗin haya. Aikina shi ne in baƙi sun fita in canza zanin gado, in wanke bayi, in cika tankin ruwa kafin wasu su shigo. Ba zan kama sunan mai jirgin ko marinar ba.

3/ Ga waɗanda ba su sani ba: marina tasha ce ta ƙananan jiragen ruwa, kowa da gurbinsa da yake biyan haya. Jirgin kuma irin siririn nan ne na kanal, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba. A hoto kamar aljannar duniya. Kitse ake wa rogo kallo, wallahi.

4/ Abin da mai bidiyo bai gaya muku ba na farko: gurbin ba naka ba ne, haya kake. Takardar da ka sa wa hannu a yawancin marina ta hana ka kwanar da baƙi masu biya sai da izini. Hukumar Canal & River Trust, mai kula da kanal kusan mil 2,000 a Ingila da Wales, lasisin kasuwanci daban take nema.

5/ Na biyu, inshora. Wadda mutum ke yanka don jirginsa na shaƙatawa ba ta ɗaukar baƙon da ya biya kuɗi. Ɗan mutane ya zame da dare ya faɗa ruwa, kamfani ya ce bai san zancen ba. Wa zai biya? Mai bidiyo? Shi ya riga ya karɓi kuɗin kwas ɗinsa ya ƙara gaba.

6/ To shi maigidana ya ya yi da duk wannan? Cewa ya yi in maƙwabta sun tambaya, in ce 'yan uwansa ne suka zo hutu. Kowane sati sabbin 'yan uwa. Wannan satin daga Sifen, wancan daga Koriya. Dangi kamar Majalisar Ɗinkin Duniya. Da farko dariya abin ya ba ni.

7/ Dariyar ta ƙare wata safiya a Janairu. Na shiga na tarar an cusa safa da tawul a duk kafofin iska saboda sanyi. Na ɗaga kai, ƙararrawar hayaƙi a rataye, ba batir. Ashe ta yi ta ƙara da dare ta hana su barci, suka cire. Mata da miji ne da yaro ƙarami.

8/ Ku gane me nake cewa. Jirgin nan akwati ne na ƙarfe. A ciki akwai murhun gawayi na ɗumama ɗaki, akwai kukar gas, akwai inji. Duk suna iya fitar da kabon monoksaid, hayaƙin da ba ya wari, ba a ganinsa. Kafofin da suka toshe su ne numfashin jirgin.

9/ Mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon turanci ba. Sau nawa muka ji an kunna janareto a cikin gida saboda ruwan sama ko ɓarayi, gari ya waye iyali guda ba wanda ya tashi? Shi ne dai wannan. Bambancin kawai an shafa wa wannan fenti an ɗora masa tukunyar fulawa.

10/ Kuma ya faru a nan. A 2013 a tafkin Windermere uwa da 'yarta sun rasu a cikin jirgi saboda hayaƙin janareto. Wanda ya haɗa bututun hayaƙin, aikin gas ne sana'arsa. In wanda ya san aikin ya yi kuskure haka, ina ga baƙon da jiya ya fara taka jirgi?

11/ Shi ya sa tun Afrilun 2019 aka wajabta ƙararrawar nan a jiragen kanal na nan. Amma ƙararrawa ba ta mayar wa kanta batir. Sai an sami mutum ya tsaya ya nuna wa baƙo: wannan kar ka taɓa, wancan kar ka toshe. Mu kuwa makulli ake bari a akwati, a tura lamba ta waya. Shi ke nan.

12/ Ga gas kuma. Ya fi iska nauyi. A gida in ya zuba ka buɗe ƙofa ya fita. A jirgi gangarawa yake ya kwanta a ƙasan ciki, yana jiran ashana. Baƙon da ya sha ya yi tatul ƙarfe biyun dare ya san wannan? Wa ya gaya masa?

13/ Na kira maigida na faɗa masa abin da na gani. Amsarsa: in sa sabon batir, kar in rubuta komai a saƙo, kada taurarinsa su ragu. Taurari fa, jama'a. Yaron mutane ya kwana a ɗakin da aka toshe, shi lissafin taurari yake. Na ajiye masa makullinsa a satin.

14/ Wata biyu na yi ba aiki, sai da na ranci kuɗin haya wurin wani ɗan uwa. Ban faɗa don a yaba min ba. Ni ma ai na yi wata bakwai ina cewa tsoffin da ke maƙwabtaka “ƙannensa ne”. Da bakina aka yi ƙaryar nan, kuma har yau tana damuna.

15/ Su maƙwabtan ma abin dubawa ne. Da yawa ba hutu suka zo ba, nan ne gidansu, hayar gari ta kore su. Gurbin zama na dindindin wahalar samu gare shi. Wanda bai samu ba, doka ta ce kar ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, sai ya kwance ya matsa gaba, ga aiki ga makarantar yara.

16/ To duk gurbin da aka mayar otal a ɓoye, wani ne aka bari yana yawo a kan ruwa cikin sanyi. Ga kiɗa har asuba, ga baƙi na juye abin da bai kamata ba a ruwan da kowa ke zaune a kai. Riba ta mutum ɗaya, wahala a raba wa unguwa.

17/ Na san za a ce “dukiyarsa ce, hassada kake”. Malam, motarka ma dukiyarka ce, amma ranar da ka fara ɗaukar fasinja sai an duba birki da takardu. In ka karɓi kuɗin mutum ya kwanta ya rufe ido a wurinka, ransa amana ne a wuyanka har gari ya waye.

18/ Kuma ba ƙauyanci ba ne a sa wa abin iyaka. Amsterdam, garin da ya yi suna da gidajen kan ruwa, tun 2019 dare 30 kacal a shekara aka yarda ka ba da gidanka gaba ɗaya ga masu hutu. Landan dare 90 ne in ba ka da izini. Ko su ma hassada suke?

19/ Akwai masu yin sana'ar nan da gaskiya, na san wasu. Lasisin kasuwanci, inshorar baƙi, binciken lafiyar jirgi mai tsanani, izinin marina a rubuce, mutum ya zo da kansa ya zaga da baƙo. In ka cire kuɗin waɗannan da na gyara, ribar da ake nunawa a bidiyo ta tsuke. Shi ya sa ba a lissafa muku su.

20/ 'Yan uwa ɗalibai da ake ce wa ku haɗa kuɗi ku saya: ku nemi takardun nan huɗu kafin ku tura ko fam ɗaya. Mai niyyar kama irin wannan jirgi ya kwana kuma, ya tambayi lasisi, ya danna ƙararrawa ya ji ta yi ƙara da kunnensa, kar ya toshe kafar iska ko sanyi zai kashe shi.

21/ Mai bidiyo in ya ga wannan, tambaya ɗaya gare ni. A cikin kwas ɗin da kake sayarwa, darasi na nawa ne ke maganar hayaƙi? Ka turo min, zan karanta, in akwai zan ba da haƙuri a nan gaban kowa. Gobe ina da jarrabawa, na tafi. Allah ya tsare mu.