WA ZAI LEƘA BAKIN YARAN SAKKWATO?

Duk wanda ya ratsa Minanata bayan sallar La'asar, ba zai rasa ganin matasa zaune a majalisa ba, wasu a gindin mai shayi, wasu bisa baburan kabu-kabu suna jiran fasinja. Daga cikinsu akwai waɗanda suka gama sakandare da sakamako mai kyau a fannin kimiyya, suka zauna jarrabawar JAMB sau biyu ko sau uku, duk don neman gurbin karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gurbin bai samu ba, su kuma sun yi rantsuwa in ba likita ba sai dai a zauna. Shekaru suna ta wucewa, takarda tana ta tsufa a cikin akwati. Alhali kuwa ga wata ƙofa nan a buɗe, wadda jama'a ke matuƙar bukatar a shige ta, amma an kau da kai, wato koyon aikin kula da lafiyar baki da haƙori.

Da yawa cikin 'yan'uwa matasa, da zarar an ambaci wannan aiki sai su yi tsaki, su ce su ba za su ƙare a wanke wa mutane baki ba. To, kafin a yi tsakin, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin garin nan na Shehu.

A Sakkwato akwai asibiti guda da aka buɗe a 1999 musamman domin yaran da cutar noma ta kama. Sunan ba shi da wata alaƙa da noman gona. Kalma ce ta Girkanci, Hausawa kuwa suna ce mata zaizayar baki. Cuta ce mai cinye kumatu da leɓe da hanci, har ta kai ga ƙashi, cikin 'yan kwanaki ƙalilan. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda yunwa ta raunana, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasi a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita duk shekara, kuma idan ba a yi magani ba, tara cikin goma mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuwa, sai ya rayu da raunin da ke hana shi ci da magana, ana ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don gudun idon jama'a. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa ta shiga taimaka wa wannan asibiti, inda ake yi wa yaran aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Abin baƙin cikin shi ne, wannan cuta ba da rami a kumatu take farawa ba. Tana farawa ne da kumburin dasashi, da zubar jini idan an taɓa, da warin baki. A wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Amma wa zai gane ta a lokacin? Uwa tana ganin ciwon baki ne na yau da kullum, mai kyamis ya ba da maganin zafi, wani ya ce iska ce. Kafin a ankara kumatu ya yi baƙi. Likitan da ke gyaran fuska yana jiran wanda ya tsira ne. Wanda zai hana a kai ga haka shi ne ma'aikacin da ya san yadda lafiyayyen dasashi yake, ya kuma saba da cewa yaro ya buɗe baki a gani. Hausawa dai sun riga sun faɗa, rigakafi ya fi magani.

Kuma ba noma kaɗai ba ce. Yara suna kwana da alawa da biskit a baki, manya suna shan shayi mai tulin sukari da lemon kwalba. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sukarin nan, su fitar da tsami mai narkar da bayan haƙori a hankali har ya yi kogo. Ba tsutsa ba ce, kamar yadda masu tallar magani ke faɗa a kasuwa. Daɗin daɗawa, dauɗar da aka bari a gindin haƙori takan daskare ta yi tauri, ta yadda buroshi ko asawaki ba sa iya cire ta, sai ta riƙa cin dasashi har haƙori ya yi girgiɗi ya faɗi. Shi ya sa ake ganin magidanci bai kai hamsin ba amma ya daina cin tsire. Kuma ga turame na farko na dindindin, masu fitowa yaro yana ɗan shekara 6: iyaye da yawa suna zaton na famfara ne, sai a bar su su ruɓe, alhali ba su da madadi.

Aikin wannan ma'aikaci ke nan: kankare dauɗar da ta daskare da goge haƙora, shafa sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, koya wa iyaye mata da ɗalibai yadda ake tsabtace baki, da kuma gane ciwon da ya fi ƙarfinsa ya tura shi wurin likitan haƙori ba tare da ɓata lokaci ba. Shi ba likita ba ne, kuma na ƙwarai a cikinsu shi ne wanda ya san iyakarsa, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Hanyar karatun a fili take. Ana bukatar kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kyamistare da Fizis. Ana yin ƙaramar difloma ta shekara biyu, sannan babbar difloma ta wasu shekaru biyu, tare da aikin gwaji a asibiti. Dokar soja mai lamba 81 ta 1993 ce ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, ita ke ba da lasisi, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma ita ke tantance kwasa-kwasan difloma. Jihar Sakkwato tana da kwalejin fasahar kiwon lafiya a Gwadabawa, sauran jihohin Arewa ma suna da irinta. Sai dai a yi hattara. Kafin uba ya sayar da buhun gero ya biya kuɗin makaranta, wajibi ne a tabbatar waɗannan hukumomi biyu sun amince da kwas ɗin a wannan makaranta, domin takardar da ba ta kai mutum ga lasisi, ita da takardar ƙunshe ƙosai duk ɗaya ne.

Wani zai ce, to bayan an gama ina aikin yake? Tambaya ce mai kyau, kuma ba za a yaudari kowa ba: aikin gwamnati ba ya jiran mutum a bakin ƙofa, kuma ba sana'ar tara dukiya ba ce. Amma a auna a gani. Wanda ya riƙe lasisi yana iya neman aiki a asibitin gwamnati ko na kuɗi ko ƙungiyoyin agaji, yana kuma iya ƙaro karatu daga baya. Wanda ya zauna a majalisa yana jiran gurbin likita fa, me ya riƙe? Kuma nauyi yana kan hukuma ta kai waɗannan ma'aikata ƙananan asibitocin karkara, irin na Illela da Tangaza da Sabon Birni, maimakon a tara su a birni, domin a ƙauyuka ne yaran suka fi faɗawa cikin wannan bala'i.

Batun raini kuwa, abin mamaki ne a ji shi daga bakin matashin da ke yawo da asawaki a aljihu, wanda tun yana makarantar allo aka koya masa cewa tsabtace baki sunna ce. Malamai sun bayyana cewa ilimin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, irin na magani, farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Wanda ya tsayar da noma a bakin yaro guda tun tana kumburin dasashi, ya ceci rai, ya kuma ceci fuska, ko da kuwa ba wanda zai taɓa kiransa dokta.

Saboda haka ɗan'uwan da takardarsa ke kwance a akwati, ya fito da ita ya karkaɗe ƙura, ya shawarci iyaye, ya nemi fom tun lokaci bai ƙure ba. Masu hali kuma su ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu daga unguwa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa albarka a cikin neman ilimi mai amfani, amin.