A Daina Cusa FFmpeg Cikin Kowane Aikin Lambda

Ni dai a ganina wahalar banza ce mutum ya riƙa kwafar FFmpeg cikin kowane aiki. Tun 2018 Amazon ta fito da Lambda Layers: ka ɗora manhajar sau ɗaya, kowane aikin da ka haɗa da ita ya same ta a /opt.

Amma fa a kula, kayan aiki ɗaya gaba ɗaya ba sa wuce MB 250 bayan an kwance su. Kuma in ka toshe wata ɓaraka ka fitar da sabuwar siga, ayyukan suna nan riƙe da tsohuwar har sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka gara wannan da farautar kwafi goma, kowanne da sigarsa.