Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ran Asabar 24 ga watan Oktoba 2020 jama'a suka fasa sito-sito na gwamnati a Jalingo, inda aka tara kayan abincin da aka ce na tallafin annobar korona ne. Gwamna Darius Ishaku ya kafa dokar hana fita. Wannan doka kuwa ba ta tambayi wanda ya ɗauki buhu da wanda bai ɗauka ba. Mai shayi a Sintali, da ɗan dako, da mai tura ruwa, mutanen da sai sun fita da safe tukunya ke hawa wuta da daddare, duk ta tsare su a gida.

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman ku da kuka baro iyali a Sintali da Turaki da Kona kuka zo neman halaliya, kada wani ya ce muku fushin da ya fasa ƙofofin nan na banza ne. Watanni aka yi ana kulle, kasuwa ba ta ci, alhali ga shinkafa da taliya a jibge an danna musu kwado. Ƙungiyar gwamnoni ta ce wai ajiya aka yi don gudun dawowar annobar. To, ko da hakan ne, mai jin yunwar yau ba a lallashinsa da tuwon baɗi. Fushin gaskiya ne. Abin tambaya shi ne, wa ya ci ribarsa?

Mai buhu ɗaya a ka ya ci kwana bakwai ya koma inda yake. Ribar tana wurin wanda ya zo da mota, da dillalin da ya tsaya a bayan fage yana sayen kayan a bakin kuɗin da ya ga dama, da kuma duk wani ma'aji da lissafin sitonsa bai cika ba tun kafin ranar, wanda yanzu ya sami bakin cewa ɓarayi sun kwashe. Ku tuna kuma yadda abin ya faro. Matasa ne suka fito a kan zaluncin 'yan sandan SARS, har aka rushe rundunar ran 11 ga Oktoba. Bayan harbin da aka yi a Lekki ran 20 ga wata sai al'amarin ya kuɓuce daga hannun masu shi, ya faɗa hannun 'yan ta-more. A nan Ikko, wajen Fagba, rikicin ya rikiɗe ya zama na ƙabilanci, 'yan Arewa da maƙwabtansu suka yi asarar rai da dukiya a kan maganar da ba su suka fara ta ba. Asarar nan, tare da ta kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairu 2021, ita ta sa fataken abinci da shanu suka daina kawo kaya Kudu na 'yan kwanaki.

Amma ɓarawon buhu ƙaramin alhaki ne in aka gwada shi da ɗan siyasa. Ran 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141. Ƙasa ta tsaya cik. Aka cika dandalin Ojota, aka kwana a titi a Kano, aka rasa rayuka, sa'an nan aka mai da kuɗin lita Naira 97. Manyan 'yan hamayya na lokacin sun hau wannan fushi kamar doki, Bola Tinubu ma har rubutu ya yi yana sukar janyewar. Dokin ya taimaka wajen kai su fada a 2015. Cikin Mayu 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai lita Naira 145, watau sama da kuɗin da aka mutu ana ƙi. Ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, a jawabinsa na kama mulki, Tinubu da bakinsa ya ce tallafi ya tafi. Mai yiwuwa ne janyewar tana da hujja ta fuskar tattalin arziki, masana suna ta gardama a kai. Sai dai in hujjar gaskiya ce a 2023, to, gaskiya ce a 2012, kuma waɗanda aka binne a wancan Janairu ba wanda ya koma ya ba iyayensu haƙuri.

Sai ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024, wadda ta fi zafi a Arewa. Ranar farko aka wawashe cibiyar koyar da fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa a Kano, ana gab da buɗe ta, cibiyar da 'ya'yan talakawa za su amfana da ita. Kwana kaɗan sai ga tutar Rasha a hannun yara a Kano da Kaduna. Yaron da bai karya kumallo ba, ina ya sami kuɗin yadi da ɗinki? An kama teloli, ofishin jakadancin Rasha ya ce ba ruwansa. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, da yawansu yara ne ƙanana, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Da duniya ta yi ca, Shugaban Ƙasa ya ba da umurni a sake su. Nan da nan manya suka yi layi ana ɗaukar hoto da yaran. Kai, ko wahalar yaro ma akwai mai cinikinta!

Kada a ɗauka muna cewa talaka ya naɗe hannu. Dattawanmu sun ga fushin da ya haifi ɗa mai ido. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala, amma sun san abin da suke nema, suna da shugaban da aka san ƙofar gidansa, kuma abin da suka nema yana da suna. Shekara 29 ana abu ɗaya, har a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Duk da haka ita ma PRP ba ta tsira ba. Da mulki ya zo sai ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka tsige Balarabe cikin Yuni 1981, kuma ran 10 ga Yuli na shekarar aka tunzura jama'a a Kano a kan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad. Malam Aminu Kano ya rasu cikin Afrilu 1983 bai tara abin duniya ba. Masu rantsuwa da sunansa a kan dandamali a yau, a je a ƙirga gidajensu.

Ku mazauna Kurmi ku ne a bakin wuta, domin in tarzoma ta tashi baƙo ake fara dubawa, kuma rumfarku ba ta da katanga. Saboda haka in wani ya zo Agege ko Idi Araba ko Sabo da motar haya da 'yan kuɗi a ambulan yana neman matasa, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su zaunar da shi. A tambaye shi abin da ake nema takamaimai, da wurin wanda ake nemansa, da wanda zai tsaya beli in an yi kame. A kuma tambaye shi ko ɗansa na cikinsa zai shiga sahun gaba. In ya ce yaron yana makaranta a Ingila, sai a ce masa ba laifi, a dakata har ya dawo hutu.