Ra'ayinmu: Baƙin ramin sama da gonar gero ta Dungas



Wanda ya zauna a majalisar hira cikin garin Magarya ko Dungas bayan sallar isha'i, ya san cewa zancen sararin sama ya shigo bakin jama'a. Salula ce ta kawo shi. Yaro ɗaya zai buɗe hoto ya miƙa wa na kusa da shi, kafin a shanye shayi na biyu kowa ya zama masani. Wani ya ce akwai wani baƙin rami a sama da ke tafe zai haɗiye duniya. Wani ya ce duk ƙaryar Turawa ce, ko wata ma ba su taɓa zuwa ba. Na uku kuwa, wanda ya fi su shekaru, yakan kashe maganar da cewa talakan da rumbunsa bai cika ba, ina ruwansa da abin da ke bayan taurari.

Hira ba laifi ba ce, kuma tambaya ita ce ƙofar sani. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, maganar dattijon nan ta uku muna jin ta har a bakin wasu ma'aikatan gwamnati, waɗanda ya kamata a ce su ne masu warware wa jama'a zare da abawa. Wannan kuwa kuskure ne mai tsada, domin ilimin sararin sama ya daɗe da shiga gonakin ƙasar Damagaram, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Bari mu fara kawar da tsoro. Abin da masana ke kira baƙin rami ba rami ba ne irin na rijiya. Tauraro ne babba ƙwarai wanda makamashinsa ya ƙare, sai ya rufta cikin kansa, ya dunƙule wuri ɗaya, har ƙarfin jansa ya kai matsayin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga gare shi. Haske kuwa yana gudun kilometa 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma minti 8 da ƴan kai ke ishe shi ya zo mana daga rana. A ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna wa duniya hoton farko na irin wannan abu, bayan an haɗa aikin manyan na'urorin hange 8 da ke wurare dabam-dabam na duniya. Wanda aka ɗauka ɗin, nauyinsa ya kai na rana sau miliyar 6 da rabi, kuma hasken da ya taso daga wajensa sai da ya yi shekara miliyan 55 a hanya. A watan Mayu 2022 aka nuna na biyu, wanda ke tsakiyar taron taurarin da duniyarmu ke ciki, a nisan tafiyar haske ta shekara kamar 27,000. Mafi kusa da mu da aka sani yana can bayan tafiyar haske ta shekara fiye da 1,500. Ranarmu kuma ta yi ƙanƙanta da ta zama irinsa. Saboda haka mai gona a Gushi ko Malawa ya kwana da hankalinsa kwance: in akwai abin da zai cinye masa hatsi, to fara ce ko zuzzuɗa ko fari.

Ga masu cewa duk ƙage ne, muna tuna musu da safiyar 29 ga Maris 2006, sa'ad da rana ta yi husufi cikakke a wani yanki na ƙasarmu, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. Masana sun faɗi ranar da sa'ar da mintin tun shekaru kafin abin ya auku, kuma bai saɓa ba. Mai ƙarya ba ya iya yin alkawari da rana. Kuma lissafin sama ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure sun daɗe suna ƙidayar taurari 28 na shekara, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, suna faɗa wa manomi yaushe Haƙa'a ta kama, yaushe Zira'a ko Nasara. Tsofaffi suna duban Kaza da ƴaƴanta su san inda shekara ta kai. Wanda ya gaji wannan bai kamata ya raina mai na'urar hange ba, don sana'a ɗaya ce, kayan aiki ne suka bambanta.

Yanzu mu komo ga maganar rumbu, domin a nan ne nauyin zancen yake.

Bayan farin 1973 da na 1984, duk littafin da aka rubuta a kan Nijar yana cewa hamada na cin ƙasa, itatuwa na ƙarewa. Haka manyan baƙi ke faɗa, haka mu ma muke maimaitawa cikin rahotanni. Ana cikin haka manoman kudancin Damagaram da na Maraɗi suka shiga wani aiki a natse: maimakon su sare duk tsiron da ya fito a gona lokacin sassabe, sai su zaɓi masu ƙarfi su bar su, su gyara musu rassa, su kare su daga awaki. Shi ne ake kira sassaben zamani. A ƙasar Magarya gawo ne ya fi amfana, kuma manomi ya san dalili: gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe.

Shekara kusan 20 ana wannan aiki, babu wanda ya san girmansa. Sai wajen 2005, da wani masani na hukumar binciken ƙasa ta Amurka mai suna Gray Tappan ya ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975, ya jera su da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, sannan aka ga abin mamaki. Gonakin da suke fili fetal a da sun cika da ɗigo-ɗigon itatuwa. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya ƙiyasta hekta kusan miliyan 1 a gundumomin Magarya, Matamai da Mirya kaɗai, kuma a lokacin Dungas tana cikin Magarya, don sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. A ƙasa baki ɗaya an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ƙasashe da yawa sun turo mutanensu su zo su gani. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Akwai abin alfahari a nan, akwai kuma abin kunya, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Itatuwan nan suna bakin hanyar da motocin ma'aikata ke bi kullum daga Damagaram zuwa Magarya, amma sai da aka hau sama da kilometa ɗaruruwa aka leƙo, sannan muka yarda da abin da talakanmu ya yi da hannunsa. Tauraron bai dasa ko itace ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya zama shaida, kuma shaidarsa ce ta sa aka daina kallon manomi a matsayin mai ɓarnar daji.

Haka zancen ruwan sama yake. Cibiyar Agirimet da ke Yamai, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari, tana karɓar hotunan gajimare daga taurarin da ke tsaye a nisan kilometa 36,000 bisa kanmu. Kowace shekara kafin faɗuwar damina masananta da na sauran ƙasashe sukan zauna su faɗi yadda suke hangen shekarar. A watan Afrilu 2024 sun ce ruwa zai yi yawa a Sahel, kuma a yi hattara da ambaliya. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: mutane fiye da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan 1 suka yi hasarar gidaje ko gonaki ko dabbobi, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Gargaɗin ya fito wata huɗu kafin haka. Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce, mutum nawa ne a Dogo-Dogo ko Waca ko Sassumburum suka ji shi da harshen da suke fahimta, kuma a lokacin da za su iya gyara katanga ko su ɗauke rumbu daga kwari?

Sanarwar masana tana fita da Faransanci, cike da kalmomin da ko mai takardar lakwal sai ya yi da gaske. Daga Yamai ta zo jaha, daga jaha ta zo gunduma, a nan kuma sau da yawa takan kwanta cikin aljihun tebur. Ilimin da ya ƙetare kilometa 36,000 cikin ƙiftawar ido sai ya kasa ƙetare kilometa 30 na rairayi tsakanin ofis da ƙauye. Bisa ƙidayar 2012 mutanen Magarya da Dungas sun haura 900,000, yau kuma sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma kusan dukansu da gona suke ci. Kowace shekara akwai masu zuba iri bayan yayyafin farko, rana ta ƙone tsiron, su sake shuka sau biyu ko uku, wani har ya ci bashin iri. Alhali masana aikin gona suna da ƙa'ida mai sauƙi: a jira ruwa ya kai milimeta 20 cikin kwana 3, kuma a duba ko ba a hangen dogon tsaiko a bayansa. Rabin farko na ƙa'idar, gwangwanin awon ruwa da ke tsakar ƙauye ke faɗa. Rabi na biyu, tauraro. In ɗaya ya ɓace, ɗayan bai isa ba.

Har baƙin ramin da ake yi wa dariya yana da dangantaka da gona, ko da yake ta nesa ce. Lissafin da Albert Einstein ya fitar a 1915 ya nuna cewa irin wannan abu zai iya kasancewa. Da wannan lissafin ne kuma ake daidaita agogon taurarin da ke faɗa wa salula inda take. In da ba a yi wannan gyara ba, da na'urar za ta riƙa kauce wa gaskiya da kilometa kamar 10 kowace rana. Ma'aikacin kwamitin filaye da ke auna iyakar gona ko shata burtali don kashe rigimar manomi da makiyayi, da wannan na'ura yake aiki. Mai binciken da ya zauna yana tunanin taurari shekara 100 da suka wuce bai san Bande ba, bai san Ɗan Ciyawo ba, amma aikinsa ya iso can.

A watan Nuwamba 2024 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha don sayen taurari 3, na sadarwa da na ɗaukar hoton ƙasa da na rada. A watan Maris 2025 kuma Starlink ya fara ba da intanet ta tauraro a Nijar. Muna maraba da wannan, domin ƙasar da ke da faɗin kilometa murabba'i 1,267,000 ba za ta iya tsare iyakokinta ko ƙidaya gonakinta da ƙafa ba. Sai dai mu faɗi gaskiya: tauraro kaya ne, ana sayensa da kuɗi, mai karanta hotonsa kuwa renonsa ake yi, kuma yana ɗaukar shekaru fiye da ƙera tauraron. Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan hange. A 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin, kuma Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana tun sa'ad da wasu ke ganin abin wasa ne. Yau ga faifan hasken rana a kan rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani na karkara. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da ɗalibai ƴan Magarya da Dungas. A cikinsu ya kamata a samo waɗanda za su zauna gaban hotunan nan, domin su ne suka san bambancin jigawa da fadama, suka san gawo daga ƙalgo ko da daga sama ne.

Kafin wannan ya tabbata, akwai aikin da ba ya bukatar jiran kowa. Shugabannin gundumomi da magadan gari su sa a juya sanarwar damina zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci cikin makon da ta fito, a karanta ta a gidajen rediyon karkara safe da yamma, a kai wa sarakuna da masu gari da limamai. Malaman gona su tabbata kowane babban ƙauye yana da gwangwanin awon ruwa da littafinsa.

Littafin nan kuwa ku ne za ku riƙe shi, ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Kun iya rubuta kwanan wata, kun iya rubuta lamba. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, mutum ɗaya ya duba gwangwani, ya rubuta milimeta nawa, ya faɗa wa jama'a a ƙofar masallaci, ya aika wa malamin gona ta salula. Masu lissafi a Yamai suna bukatar lambar nan taku don su gwada ta da abin da tauraro ya nuna musu, su gyara hasashensu na baɗi. Haka kuma in wani ya zo majalisa da hoton da ke cewa duniya za ta tashi ran kaza, ku tambaye shi wa ya faɗa, a ina, kuma yaushe, kafin ku tura wa wani. In kun rasa amsa, ku rubuto wa wannan shafi. Za mu kai tambayar ga masana na jami'a da na ma'aikatar hasashen yanayi, mu buga amsarsu da Hausa.