Auna Gona da GPS: Martani ga Mai Tallan Tsada

Da'awar da wani marubuci ya wallafa, wai mai auna gona a Lajawa sai ya sayi na'urar GPS mai tsada da PDA don waya ba ta aiki inda babu sabis, kuskure ce tun daga tushe. GPS na waya daga taurarin ɗan'adam yake karɓar sigina, ba daga turken kamfanin waya ba, kuma taurari huɗu sun isa a fitar da wuri. Taswira kaɗai ake saukewa tun a Wudil, inda akwai sabis.

PDA kuwa, wato kwamfutar aljihu irin su Palm, zamaninta ya wuce. Ta yi amfani a farkon wasan neman ɓoyayyen akwati da GPS, wanda Dave Ulmer ya fara a Oregon a Mayun 2000, bayan Amurka ta daina dagula siginar fararen hula. Yau waya ta haɗe aikin biyu.

Abin da marubucin ya tsallake shi ne caji. Nan Garmin eTrex 10 mai sauƙin kuɗi ta fi waya: batir AA biyu na kai ta kusan awa 25, kuma ruwan damina bai dame ta ba. Sai dai ita ma tana kuskuren mitoci kaɗan, don haka ba ta raba gardamar iyakar gona.